Lokacin Ba Kifi Abinci Da Ƙwarin Da Ke Kama Jikinsa

Sanin kowa ne makiyayi ba ya hutawa da yaƙi da kaska, mai kaji kuma ba ya hutawa da ƙuma. To, shi ma mai kiwon kifi yana da nasa abokan gaba. Bambancin kurum shi ne kaska ana ganinta a cire da hannu, amma ƙwarin kifi suna cikin ruwa, yawancinsu kuwa ido ba ya ganinsu. Sau da yawa mai kiwo ba ya sanin suna nan sai ya wayi gari ya tarar kifi sun juya ciki sama.

Kiwon kifi ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun farkon shekarun 1950 aka buɗe babbar gonar kifi a Panyam, cikin ƙasar Filato. Yanzu kuwa sana'ar ta shiga birni da ƙauye. Waɗansu na haƙa tafki a fadama, waɗansu na gina kwamin siminti a bayan gida, waɗansu kuma na kafa tankin tamfol. Tarwaɗa aka fi kiwo, sai karfasa. Duk wanda ya taɓa sana'ar ya san abinci ne ke cin kuɗi, don ya kan lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da a ke kashewa. Saboda haka kowa na lissafin abinci ta wajen girman kifi. Kaɗan ne ke lura da cewa yawan abin da a ke zubawa, da lokacin da a ke zuba shi, su ne ke buɗe wa ƙwari ƙofa ko su rufe ta.

Ƙwarin da a ke magana

Kafin a shiga zancen abinci, ya kamata a san abokan gaban. Waɗanda su ka fi damun kifin kiwo iri biyar ne.

Na farko shi ne mai kawo cutar farin ɗigo. Ya kan shige ƙarƙashin fatar kifi, ya zauna yana ci har ya kai girman ƙwayar gishiri, sai a ga jikin kifin kamar an barbaɗa masa gari. In ya ƙoshi sai ya fita ya faɗa ƙasan tafki, ya lulluɓe kansa, ya yi ta rarrabuwa har guda ɗaya ya zama ɗaruruwa. Sa'an nan 'ya'yan su fashe su fito neman kifi. Wanda bai sami kifi cikin kwana biyu ko uku ba ya mutu. Wani masani Bafaranshe mai suna Fouquet shi ya bayyana wannan ƙwaro a 1876.

Na biyu masana na kiransa Tirikodina. In an sa shi a madubin likita sai a ga kamar ɗan faifai mai haƙora a kewaye, yana juyawa. Ƙanƙantarsa ta kai sai an jera kamar 20 kafin su cika milimita guda. Abincinsa ƙwayoyin cuta ne da dattin da ke yawo cikin ruwa, jikin kifi kuwa wurin zama ne gare shi. Amma in sun yi yawa haƙoran nan na kankare fata.

Na uku tsutsotsi ne ƙanana masu ƙugiya a gindi. Wani irin, Jairodaktilas, a fata ya ke zama, kuma ba ya yin ƙwai, haihuwa ya ke yi. Abin mamaki, 'yar da aka haifa ta kan fito da tata 'yar a ciki, don haka ba su da wuyar yaɗuwa. Wani irin kuma a manumfasa ya ke zama yana zuba ƙwai cikin ruwa. Manumfasa ita ce jan naman nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin murfin kunnen kifi, da ita ya ke jan iska daga ruwa.

Na huɗu kwarkwatar kifi ce. Ita kam ido na ganinta, shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta cika wuce girman ƙwayar wake ba. Tana soke kifi ta tsotsa, in za ta yi ƙwai sai ta sauka ta jera su jikin dutse ko itace da ke cikin ruwa.

Na biyar tsutsa ce mai kafa kai. Macen ke cusa kanta cikin naman kifi, sauran jikinta ya riƙa reto a waje kamar zare, wurin kuwa ya yi ja ya zama miki. Ban da waɗannan biyar akwai matsattsaku, wanda kowane ɗan fadama ya sani.

Inda su ke fitowa

Abinci ba ya haifar da ƙwaro. Ƙwari na shigowa ne tare da 'ya'yan kifin da aka sayo, ko ruwan kogi da aka jawo, ko taru da bokitin da aka ara daga wata gona. Su kan shigo kuma ta hanyar ƙananan kifin kogi da waɗansu ke kamowa su watsa wa tarwaɗa ɗanye don rage kuɗin abinci. Wannan araha ce mai tsada, gama duk abin da ke jikin kifin kogin ya sami sabon gida ke nan.

Amma ga wani abin lura. In an ɗauki lafiyayyen kifi daga tafki aka kankari yauƙin jikinsa aka duba a madubi, ba wuya a ga ƙwaro ɗaya ko biyu. Kifin na ci, yana girma, ba abin da ya dame shi. Dalili kuwa shi ne yana da garkuwa. Yauƙin nan mai santsi da ke jikinsa shi ne ganuwarsa ta farko. A cikinsa akwai sinadaran da ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma kullum kifi na zubar da tsoho yana yin sabo, abin da ya manne ya tafi tare da shi. Tarwaɗa ta fi kowa dogara ga wannan yauƙi, tun da ya ke ba ta da ɓawo.

Ashe ke nan tambayar da ta kamaci mai kiwo ita ce, me ke sa ƙwari 'yan kaɗan su zama dubbai cikin mako biyu? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gonar kifi abu biyu ke tsaga bangon nan, ruwa ya lalace ko kifi ya raunana. Duka biyun kuwa sau da yawa daga hannun mai zuba abinci su ke farawa.

Ɓarnar yawan abinci

Mai kiwo da yawa na tsammanin in ya ƙara abinci kifi zai ƙara saurin girma. Cikin kifi kuwa yana da iyaka. Abin da bai ci ba ya kan jiƙe, ya nutse, ya ruɓe a ƙasa.

Ga misali. A ce mutum na da tarwaɗa 1,000, kowace ta kai giram 100. Nauyinsu duka kilo 100 ke nan. Kifi mai wannan girma ya kan ci kimanin kashi 3 cikin ɗari na nauyinsa a yini, watau kilo 3 ya ishe su. In mai su ya riƙa zuba kilo 5 don ganin ido, kullum kilo 2 na tafiya a banza. Cikin mako guda kilo 14 ke nan, saura kaɗan ya cika buhu mai kilo 15. Wannan hasarar kuɗi ce, amma ita ce ƙaramar hasarar.

Babbar ita ce abin da ruɓaɓɓen abincin ke yi wa ruwa. Da farko yana tara ƙwayoyin cuta, su kuwa su ne abincin Tirikodina. Shi ya sa in malamin kifi ya ga wannan ƙwaro ya yi yawa, tambayarsa ta farko ita ce nawa a ke zubawa, kuma yaushe rabon da a canja ruwa. Mai kiwo na ganin kifinsa ya ke ciyarwa, alhali kuwa ƙwaro ya ke kiwo.

Na biyu, ruɓar tana cinye iskar da ke narke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Na uku, tana fid da wata guba da a ke kira amoniya, mai warin tsohon fitsari. Ko abincin da kifi ya ci lafiya ma yana komawa amoniya, don masana sun ƙiyasta kowane kilo guda na abinci na sakin kimanin giram 30 cikin ruwa. Amoniya tana ƙona manumfasa. In manumfasa ta ƙone sai ta kumbura ta yi ta zub da yauƙi mai kauri, wannan kuwa shi ne irin wurin da tsutsotsi masu ƙugiya ke so.

Tarwaɗa tana ruɗin mai ita a nan. Tana da wata gaɓa cikin kanta mai kama da reshen itace, wadda ke ba ta ikon haɗiyar iska daga sama. Saboda haka ruwan da zai kashe karfasa cikin dare guda, tarwaɗa na iya zama ciki. Sai mai kiwo ya ce ai ba kome. Ba ta mutu ba dai, amma fatarta na jiƙe cikin guba dare da rana. Ruwa ba ya tsami banza. In ya fara wari, ko kumfa ta kwanta a kansa ba ta bajewa, to a fara bincike daga bokitin abinci.

Ɓarnar yunwa da rashin ƙa'ida

Kada wani ya ji wannan ya ce maganin abin shi ne a matse wa kifi ciki. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Yauƙin jiki da sauran garkuwar kifi duk daga abinci a ke gina su. Kifin da ya daɗe ba ya ƙoshi, yauƙinsa na raguwa, rauninsa ba ya saurin warkewa.

Ga tarwaɗa kuma yunwa na da wata illa ta musamman. Ita mai cin 'yar'uwarta ce. In ciki ya ɗauka sai su far wa juna, babba ya haɗiye ƙarami, sa'o'i su cicciji juna a wutsiya da gashin baki. Kowane cizo ƙofa ce. Ƙwaro ya taru a wurin, sa'an nan ƙwayoyin cuta da fumfuna su biyo baya, ƙaramin rauni ya zama gyambo.

Abin da ya fi duka muni shi ne haɗa biyun, watau yau yunwa gobe ƙoshi. Wannan ya kan faru a gidan da ba a ɗora wa mutum guda aikin ba. Maigida ya yi tafiya, kifi su kwana biyu ba ci. Ran da ya dawo sai ya ce bari ya rama musu, ya juye na kwana uku a lokaci guda. Ko kuwa yaro ya zuba, uwargida ta zo ta zuba, maigida ya dawo daga kasuwa shi ma ya zuba. A kwanakin yunwa kifi sun raunata juna, ran ƙoshi kuma ruwa ya lalace. Abincin da aka tsallake ya wuce, ba a rama shi.

Ingancin abincin ma na cikin lissafi. Sinadarin bitamin C, wanda ke taimakon fata da warkar rauni, yana lalacewa in buhu ya daɗe a ɗaki mai zafi. Tunkuza ko dusar da ta yi fumfuna kuwa tana iya ɗauke da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta ta kuma karya garkuwar jiki. Ita ce gubar da ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, ta hanyar garin gyaɗa da aka sa cikin abincinsu. Saboda haka a sayi abin da za a iya ƙarewa cikin wata biyu, a ɗora buhu kan katako, wanda ya yi wari ko ya dunƙule a zubar.

Sau nawa, kuma da wace sa'a

Ƙa'idar ita ce ƙaramin kifi ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, babba ya ci sau kaɗan. Sababbin ƙyanƙyasa cikinsu ƙarami ne, su kan so ci kamar sau 6 ko fiye a yini. Masu tsawon yatsa a ba su sau 3 ko 4, jimlar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinsu. In sun wuce giram 100 sai a koma sau 2 ko 3, da kashi 2 zuwa 3. Amfanin rarraba abincin shi ne kifi na cinye shi tas, datti kuma ba ya sauka wa ruwa gaba ɗaya.

Da ya ke kifi na girma, lissafin jiya ba ya yi wa yau. Kowane mako biyu a kamo 'yan kaɗan, kamar 20 ko 30, a auna su, a gyara awon abinci. A yi wannan da sanyin safiya kafin a ba su kome, da jiƙaƙƙen hannu, a kuma mai da su da sauri, don busasshen hannu na goge yauƙi.

Wanda ba shi da sikeli yana da ido. Ya riƙa watsawa kaɗan-kaɗan yana kallo. Da zarar ribibin ya lafa, ya tsaya. Abin da bai ƙare cikin minti 15 ba ya yi yawa, a kwashe shi da rariya, gobe a rage. A nan abinci mai yawo a saman ruwa ya fi mai nutsewa, don ana ganin abin da ya saura.

Sa'ar zubawa ma tana da dalili. A tafkin ƙasa mai koren ruwa, ƙananan tsiran da su ka sa ruwan ya yi kore suna ba da iska da rana, da dare kuwa su ma shaƙa su ke yi. Saboda haka da asuba ne iska ta fi ƙaranci. Kifin da ya ƙoshi kuma bukatarsa ta iska na ƙaruwa, don narkar da abinci aiki ne. Wanda ya cika wa kifi ciki da asuba ya ɗora masa kaya a sa'ar da numfashi ya fi yi masa wuya. Gara a bari rana ta ɗaga, kamar ƙarfe 8 ko 9, sa'an nan a sake da la'asar, wajen ƙarfe 4 ko 5. Da tsakar rana a watannin bazara ruwa mara zurfi ya kan yi zafi ainun, gubar amoniya kuwa na ƙara ƙarfi da zafi, don haka ba sa'ar ciyarwa ba ce. Tarwaɗa bisa ɗabi'arta da dare ta ke kiwo, saboda haka mai tankin da ke canja ruwa a kai a kai na iya ba ta rabo na ƙarshe bayan faɗuwar rana. Kowace sa'a mutum ya zaɓa, ya riƙe ta kullum. Kifi na sabo da lokaci, su kan taru su jira, in sun ci kuma su natsu.

Hunturu

Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, zafin ruwa shi ne zafinsa. Tarwaɗa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 26 da 30 a ma'aunin santigired. In hunturu ya sauka a Disamba da Janairu, ruwan tanki a wurare irin su Kano da Zariya da Jos na iya sauka ƙasa da digiri 20 da safe. A sa'an nan cikin kifi ba ya narkar da abinci da sauri, sha'awar ci ta ragu, garkuwar jikinsa ma ta yi sanyi.

A nan ne da yawa ke faɗawa rami. Su kan ci gaba da zuba awon da su ke zubawa a watan Oktoba, rabi ya nutse. Ga kifi ya raunana da sanyi, ga ruwa na lalacewa, ga shi kuma daman cutar farin ɗigo ta fi ɓarkewa sa'ad da ruwa ya yi sanyi farat ɗaya. Abin yi shi ne a rage abinci gwargwadon yadda su ke ci, ko da ya kai rabi, a kuma jinkirta na safe har rana ta ɗumama ruwa, kamar ƙarfe 11. A rufe tanki da dare, a ƙara zurfin ruwa. Haka nan ran da aka tashi da hadari ko hazo mai kauri, rana ba ta fito ba, a rage hannu.

Wurin zubawa

Zuba abinci wuri guda kullum na da amfani, don kifi na sanin inda za su taru. Amma in wurin ya yi ƙanƙanta sai su hau kan juna suna gogayya. Tsutsar fata mai haihuwa ba ta bukatar kome sai wannan, gama daga jiki zuwa jiki ta ke tsallakawa. Ban da haka ƙarfafa ne ke cinyewa, raunana su tashi da yunwa, su ne kuwa ƙwari ke fara cikawa kafin su bazu ga saura. Saboda haka a watsa abinci da faɗi, a babban tafki a yi wuri biyu ko uku, a kuma riƙa ware manya daga ƙanana.

Ƙarƙashin wurin ciyarwa nan ne datti ya fi taruwa, nan kuma mai farin ɗigo ke faɗawa ya hayayyafa. Mai kwami ko tanki ya riƙa zuƙe ƙasan da tiyo. Turakun da aka kafa cikin ruwa kuma su ne kwarkwatar kifi ke jera wa ƙwai. Ana iya mai da wannan ɗabi'a tata tarko. A jefa 'yan alluna ko sanduna cikin tafki, kowane mako a fid da su a shanya a rana ƙwan su mutu, a sa waɗansu. Kowane tafki kuma ya zama yana da bokitinsa da rariyarsa. In dole ne a yi tarayya, a shanya kayan su bushe ƙayau kafin a kai su wani ruwan.

Sa'ar ci ita ce sa'ar dubawa

Makiyayi na duba shanunsa ɗaya-ɗaya da safe. Mai kifi ba ya samun ganin nasa sai sa'ad da su ka taso cin abinci. Wanda ya watsa ya juya baya ya yar da damarsa ta yini ke nan.

Alamar farko ta kusan kowace cutar kifi ita ce rage ci. To, amma ba mai gane an rage ci sai wanda ya san awon jiya. Mai zuba kilo 3 kullum da ƙarfe 9 da ƙarfe 4, ran da aka bar masa saura zai sani nan take. Mai zubawa yadda ta kama ba zai sani ba sai gawa ta taso. Saboda haka a ajiye ɗan littafi, a rubuta kwanan wata, da awon da aka zuba, da yadda su ka ci, da adadin da ya mutu.

Ga sauran alamun da za a duba. Kifi na goga jiki da bango ko ƙasa, yana walƙiya da gefensa. Suna taruwa bakin famfo inda sabon ruwa ke shigowa. Tarwaɗa na tsayawa a miƙe, kai sama, ba ta motsi. Fata ta yi fari-fari kamar an shafa toka, ko gashin baki ya guntule. Karfasa na buɗe murfin kunne da sauri, ta matse fika-fikanta. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya ɗauki kifi mai rai, ba matacce ba, ya kai wa malamin kifi ko likitan dabbobi a duba a madubi. Ƙwari na barin gawa da wuri, kuma maganin wani ba shi ne na wani ba. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, kusa da madatsar Kainji, ma'aikatun gona na jihohi kuma suna da sashen kifi.

In cuta ta riga ta shiga

Abu na farko shi ne a tsai da abinci yini guda, a canja wani sashe na ruwan. Wannan na yi wa mai kiwo wuya, don gani ya ke yi mara lafiya abinci ya ke so. Amma kifin da ƙwari su ka cika wa manumfasa da ƙyar ya ke numfashi, ƙoshi kuwa ƙara masa nauyi zai yi. Yunwar yini guda ba ta cutar da kifin da ya tasa. Haka kuma kowane magani za a sa cikin ruwa, a sa shi kifi na da wofin ciki, watau bayan awa 24 ba ci. Wannan ƙa'ida ta shafi ranar warewa da ranar ɗaukar kifi zuwa wani wuri.

Gishirin girki mara haɗi shi ne magani mafi sauƙi ga Tirikodina da ire-irensa. A kan narka giram 2 zuwa 3 cikin kowace lita a bar kifi ciki 'yan kwanaki, ko kuwa a yi wanka mai ƙarfi na giram 20 a lita na 'yan mintoci, ana tsaye ana kallo, da sun fara tangaɗi a fid da su. Kullum a fara gwadawa da kifi kaɗan.

Akwai kuma hodar famanganet, mai rina ruwa shunayya, wadda a kan sa kimanin giram 2 cikin lita 1,000. Ita ce ke tona asirin mai yawan zuba abinci, domin datti na cinye ƙarfinta. In ruwa mai tsabta ne launin zai daɗe kamar awa 4. In ya juya ruwan ƙasa nan da nan, to dattin ya sha maganin, ƙwaro bai samu ba. Fomalin kuma yana rage iskar ruwa, don haka hatsari ne a ruwan da ya riga ya ruɓe. Tarwaɗa, da ya ke fatarta a tuɓe ta ke, ba ta jure magunguna masu ƙarfi kamar kifi mai ɓawo, saboda haka kada a auna su da ka, a nemi masani. Maganin nan kore da a ke kira malakait, ƙasashe da yawa sun hana sa shi ga kifin da mutane za su ci.

Farin ɗigo ba ya jin magani sa'ad da ya ke cikin fata, sai 'ya'yan sun fito ruwa. Shi ya sa a ke maimaita magani sau da yawa, da tazarar kwana biyu ko uku, a sanyi kuma tazarar ta fi haka tsawo. Maganin da a ke cuɗawa cikin abinci kuwa sai kifin da ke ci zai amfana da shi, wannan ma wani dalili ne na gano cuta da wuri.

Bayan magani a koma ciyarwa sannu a hankali. A fara da rabin awo, a riƙa ƙarawa cikin kwana uku ko huɗu gwargwadon yadda su ke karɓa. In an kwashe kifi duka, a zubar da ruwa, a bar tafki ya bushe har ƙasa ta tsattsage, a barbaɗa farar ƙasa kafin a sa sababbi. Sababbin kuma a ware su wuri dabam kamar mako biyu ana lura da cinsu.

Magani na kashe ƙwarin da ke nan yau. In ba a gyara hannun mai zubawa ba, kafin wata ya zagayo za su dawo. Saboda haka mai kiwo ya ɗora wa mutum guda aikin, ya ba shi mudu guda da sa'a tsayayya, ya kuma umurce shi kada ya bar bakin tafki sai ya ga ƙwayar ƙarshe ta shige. Rigakafi ya fi magani, a gonar kifi kuwa shi ya fi araha.